Ɗan Aike da Mai Shela: Haɗa Sakamakon Umarni da Alamomin Shafi a Kafafen Mujallun Hausa na Intanet

Tsakure

Shafin mujallar intanet da mai karatu yake gani, kwamfutar da ke ɗauke da mujallar ce take ɗinka shi a duk lokacin da aka nema. Tana ɗauko taken maƙala da sunan marubuci daga rumbun bayanai, ta haɗa su da alamomin HTML, sannan ta aika. Wannan maƙala ta dubi wurin haɗin nan a harshen PHP, ta hanyar amfani da sunaye da kalmomin da manazarci a Sakkwato yake hulɗa da su kullum. An bambance umarnin da yake dawowa da sakamakonsa da wanda yake shelanta shi nan take, an kuma nuna yadda rashin lura da bambancin yake hargitsa shafi. Daga nan an bi diddigin abin da yake samun alhamza da haruffa masu lanƙwasa da alamomin karin sauti da ajami a wurin haɗin. Maƙalar ta nuna cewa yawancin ɓacin rubutun Hausa a irin waɗannan kafafe yana da sanannen dalili da sanannen magani, kuma editan da bai iya tsara manhaja ba yana iya gano shi.

Fitilun Kalmomi: Ƙa'idojin rubutu, intanet, PHP, HTML, alhamza, ajami

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba neman maƙalun Hausa a intanet ya taɓa cin karo da irin waɗannan abubuwa: sunan Nana Asma'u ya fito a matsayin `Asma&#039;u` ko `Asma\'u`, ko kuma ya tsaya a kan Asma kawai; sunan Waziri Giɗaɗo ya rikiɗe ya koma GiÉ—aÉ—o; taken maƙala ya tsallake gurbinsa ya koma can saman shafi cikin ƙananan haruffa. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan wanda ya buga rubutun ko a kan wayar mai karatu, alhali marubuci ya miƙa aikinsa lafiya lau, edita kuma ya tace shi yadda ya kamata. Ɓarnar ta auku ne a wani mataki da babu ɗayansu da yake gani.

Lamarin ya shafi Sakkwato kai tsaye. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya da Cibiyar Nazarin Hausa, kuma a cikin gari akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu wadda take adana rubuce-rubucen malaman jihadi da na bayansu. Duk ranar da aka ce za a ɗora mujalla ko jerin sunayen waɗannan rubuce-rubuce a intanet, sunan jami'ar kansa yana ɗauke da alhamza da harafi mai lanƙwasa, mazauninta na Dunɗaye kuma yana ɗauke da harafi mai lanƙwasa. Idan take ya yanke a wurin da na'urorin tattara maƙalu suke karantawa, aikin yana nan amma mai nema ba zai same shi ba, kuma wanda ya same shi zai kafa hujja da shi da gurɓataccen suna. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace wannan mataki ga manazartan Hausa, domin su san abin da za su nema daga masu gina musu kafafe, su kuma iya tantance aikin da aka miƙa musu.

1.1 Farfajiyar Nazari da Hanyar Gudanar da Shi

An taƙaita nazarin a kan harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. Dalili shi ne da shi aka rubuta manhajojin da rubutun Hausa ya fi zama a kansu: WordPress da ta fito a 2003, da MediaWiki da Wikipedia ta Hausa take gudana a kanta, da Open Journal Systems wadda dandalin mujallun Afirka na AJOL da jami'o'i masu yawa suke amfani da ita. Hanyar da aka bi ita ce gina gajerun misalai da bin su layi-layi. Taken da aka yi amfani da shi, wato "Nana Asma'u da 'Yan Taru", an ƙirƙire shi ne domin misali, saboda yana da alhamza a tsakiyar kalma da kuma a farkonta. Mai karatu yana iya gwada kowane misali a kwamfutar da aka girka wa PHP.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Sabar ita ce kwamfutar da take ɗauke da kafar mujalla, burauza kuma ita ce manhajar da mai karatu yake buɗe shafi da ita. HTML tsari ne na alamomi da suke gaya wa burauza matsayin kowane yanki na rubutu. Misali, abin da aka sa tsakanin `<h1>` da `</h1>` babban take ne, wanda aka sa tsakanin `<p>` da `</p>` kuma sakin layi ne. Jere a nan yana nufin duk wani rubutu da aka killace tsakanin alamun zance a cikin umarni. Mazubi suna ne da yake riƙe da wani bayani, kuma a PHP yana farawa da alamar dala, kamar `$take`. Haɗi shi ne jona jere da jere, wanda a PHP ake yi da aya guda.

Saura abin da ake buɗewa da kalmar `function`, wato dunƙulallen umarni mai suna wanda ake kira ya yi wani aiki. An guje wa kiran sa aikatau domin kalmar ta riga ta sami gurbi a nahawu. A wannan maƙala an kira shi ɗan aike, domin siffar ta dace: ana kiran sa, a ba shi saƙo, ya je ya yi. Abin tambaya kawai shi ne me yake yi da amsar da ya samo.

3.0 Mai Dawowa da Amsa da Mai Shela

'Yan aike iri biyu ne. Na farko yana ƙarewa da kalmar `return`, wato ya dawo ya damƙa amsa a hannun wanda ya aike shi, shi kuma ya ajiye ta inda ya ga dama. Na biyu yana amfani da kalmar `echo`, wato yana samun amsa sai ya tura ta zuwa shafi nan take, kamar mai shela da ya tsaya bakin kasuwa ya faɗa wa jama'a tun kafin ya koma fada. Ga misalin na biyu:

```
function taken_makala() {
    echo "Nana Asma'u da 'Yan Taru";
}

echo "<h1>" . taken_makala() . "</h1>";
```

Wanda ya rubuta layin ƙarshe yana zaton take zai fito tsakanin alamomin biyu. Abin da sabar take aikawa kuwa shi ne:

```
Nana Asma'u da 'Yan Taru<h1></h1>
```

Dalili shi ne PHP ba ta fitar da komai daga layin ƙarshe sai ta gama haɗa sassansa uku sun zama jere ɗaya. A cikin wannan haɗi ne take kiran ɗan aike, shi kuma ya shelanta take tun kafin a fitar da alamar buɗewa. Da ya koma, hannunsa wayam, sai PHP ta ɗauki babu a matsayin jere marar komai ta sa a tsakiya. Sakamakon haka take ya fito a waje a matsayin rubutu gama-gari, gurbinsa kuma ya zauna fanko. Babu saƙon kuskure da zai bayyana, domin ta fuskar PHP an bi umarni daidai. Wannan ne ya sa matsalar take daɗewa a shafi ba a gane asalinta ba.

3.1 Hanyoyin Gyara

Hanya ta farko, wadda ta fi inganci, ita ce a mayar da mai shela ya zama mai dawowa da amsa:

```
function taken_makala() {
    return "Nana Asma'u da 'Yan Taru";
}
```

Da wannan sauyi na kalma ɗaya, layin haɗi yana aiki yadda aka so. Fa'idar ta wuce gyaran tsari: amsar da aka damƙa a hannu ana iya auna ta, a taƙaita ta, a kare ta, a sa ta a wurare da yawa. Wadda aka riga aka shelanta kuwa ta zama kamar magana, wadda Hausawa suka ce zarar bunu ce.

Hanya ta biyu ita ce a raba sassan da waƙafi maimakon aya, wato `echo "<h1>", taken_makala(), "</h1>";`. A nan PHP tana fitar da kowane sashe bi da bi, don haka shela takan faɗo a daidai lokacinta. Wannan yana gyara tsari, amma ba ya ba da damar taɓa rubutun.

Hanya ta uku ta dace da inda ɗan aiken na wasu ne, ba a da ikon sauya shi. Ana tare shelarsa a wata matattara kafin ta isa shafi:

```
ob_start();
taken_makala();
$take = ob_get_clean();
```

Layin farko yana buɗe matattara, na biyu yana zuba shela a cikinta, na uku yana kwashe ta zuwa mazubi.

Akwai ƙananan tarkuna biyu da suke maƙwabtaka da wannan. Na ɗaya, jeren da aka killace da alamar zance mai biyu yana fassara mazubi, amma ba ya kiran ɗan aike da sunansa. Idan aka rubuta `"<h1>taken_makala()</h1>"`, sunan ɗan aiken ne zai bayyana a shafi. Na biyu, haɗa lissafi da jere, kamar `"Fitowa ta " . $lamba + 1`. Kafin PHP 8.0 ta shekarar 2020, akan fara yin haɗi sannan a yi ƙoƙarin tarawa, sai a sami 1 kawai, daga 8.0 tarawa ce take gabata. Sanya lissafin a cikin baka yana kawar da shubuha a kowane zubi.

3.2 Yadda Abin Yake a WordPress da Open Journal Systems

WordPress ta tanadi 'yan aike tagwaye. `the_title()` mai shela ne, `get_the_title()` kuma mai dawowa da amsa ne. Haka abin yake tsakanin `the_permalink()` da `get_permalink()`. Wanda ya sa na farko a cikin haɗi zai ga abin da aka bayyana a sama. Haka kuma gajerun alamomin da edita yake sakawa a tsakiyar rubutu cikin baka mai kusurwa, domin a jero maƙalun wata fitowa misali, dole ne ɗan aiken da ke bayansu ya dawo da amsa. Idan ya yi shela, jerin zai haura saman shafi ya bar gurbin da aka sa shi.

Open Journal Systems ta bi wata hanya: ta raba umarni da ƙirar shafi ta amfani da Smarty, inda ake rubuta HTML a bar gurabe, manhaja ta cike su. Wannan yana rage haɗin hannu sosai. Sai dai da zarar an ɗauko mai gina kafa ya ƙara wani sashe na musamman, kamar jerin rubuce-rubucen ajami ko kundin digiri, haɗin hannu ya dawo tare da haɗurransa.

4.0 Wurin Haɗi da Ƙa'idojin Rubutun Hausa

Gyara tsari rabin aiki ne. Ko ɗan aike ya dawo da amsa, abin da ya ɗauko rubutun Hausa ne, kuma rubutun Hausa yana da siffofi huɗu da suke karo da alamomin PHP da HTML.

4.1 Alhamza

A Ingilishi wannan alama (') ta fi zuwa ne a mallaka da taƙaita kalma, a Hausa kuwa baƙi ce mai zaman kanta. Tana cikin jami'a da sana'a da ma'ana da addu'a, tana cikin sunaye irin su Sa'idu Faru da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, kuma a ƙa'idar Nijeriya ita ce rabin baƙin 'y na 'ya'ya da 'yanci, wanda a Nijar ake rubutawa da ƴ. Matsalar ita ce PHP da HTML duka suna amfani da wannan alama wajen buɗe jere da rufe shi.

Idan aka rubuta `echo 'Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo';`, PHP za ta ɗauka jere ya ƙare a Jami, ta kasa fahimtar saura, shafi ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Wannan kuskure yana da sauƙi domin yana bayyana kansa. Mai haɗari shi ne wanda yake wucewa shiru. Google Scholar yana karanta taken maƙala daga wata ɓoyayyar alama a kan shafi mai suna `citation_title`. A duba wannan haɗi:

```
echo "<meta name='citation_title' content='" . $take . "'>";
```

Abin da zai fita shi ne `content='Nana Asma'u da 'Yan Taru'`. Mai karanta HTML zai rufe jeren a alhamza ta farko, take ya zama "Nana Asma". Shafin da ido yake gani yana nan daidai, domin haka edita ba zai lura ba, amma abin da aka miƙa wa na'urar tattarawa guntu ne.

Magani shi ne a kare rubutu kafin a haɗa shi:

```
function kare($rubutu) {
    return htmlspecialchars($rubutu, ENT_QUOTES | ENT_SUBSTITUTE, 'UTF-8');
}
```

Wannan ɗan aike yana sauya alamomi biyar da suke da ma'ana ta musamman a HTML zuwa lambobin da burauza take mayarwa yadda suke. Alhamza takan koma `&#039;` a ɓoye, ta bayyana daidai a fili. Ya kamata a lura cewa kafin PHP 8.1 ta shekarar 2021, `htmlspecialchars` ba ya taɓa alhamza sai an ambaci `ENT_QUOTES` ƙarara, kuma har yanzu akwai kafafe masu gudana a kan tsofaffin zubi. A nan ma ake ganin amfanin `return`, domin abin da aka riga aka shelanta ba ya karuwa.

Kariyar sau ɗaya ake yin ta. Idan aka kare rubutu lokacin ajiya aka sake kare shi lokacin fitarwa, alamar farko ta lambar ita ma za a sauya ta, sai mai karatu ya ga `Asma&#039;u` ƙuru-ƙuru. Shi kuwa `Asma\'u` yawanci gado ne daga wani tsohon tsari na PHP da yake saka karkatacciyar sanda gaban kowace alhamza da aka shigar, wanda aka cire a zubi na 5.4 a 2012, ko kuma daga amfani da `addslashes` ba bisa ƙa'ida ba. Ƙa'idar ita ce a ajiye rubutu a rumbu yadda marubuci ya rubuta shi, a kare shi sau ɗaya a daidai lokacin haɗi. Wannan kariya ita ce kuma take hana wani mugu ya cusa umarni a gurbin take ko na suna ta hanyar fom ɗin miƙa maƙala.

Wani abin lura shi ne siffar alamar kanta. WordPress, kamar Microsoft Word, takan mayar da miƙaƙƙiyar alama zuwa lanƙwasasshiya, kuma idan ta zo a farkon kalma takan ɗauke ta alamar buɗe zance, sai 'yan ya koma ‘yan. Unikod yana da alama ta musamman, U+02BC, wadda yake lissafawa a matsayin harafi, kuma ba ta karo da PHP ko HTML. Amma idan rabin maƙalun mujalla suna da wannan, rabi suna da waccan, binciken kalma zai kawo rabi ya bar rabi. Zaɓar ɗaya da tsayawa a kanta hukunci ne na hukumar editoci.

4.2 Haruffa Masu Lanƙwasa

Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, kuma su ne suke bambance ɓata da bata, ɗaki da daki, ƙafa da kafa. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, harafin Ingilishi yana cin ma'auni ɗaya da ake kira bayit, amma kowane harafi mai lanƙwasa yana cin biyu. Harafin ƙ shi ne C6 99, ɗ shi ne C9 97, ɓ shi ne C9 93, ƴ kuma C6 B4. Idan shafi ko mahaɗar rumbun bayanai ta karanta waɗannan da tsohon tsarin Windows-1252, kowane bayit zai zama harafi dabam: ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. Asalin GiÉ—aÉ—o ke nan. Magani shi ne UTF-8 ya kasance a wurare uku a lokaci guda: a fayil ɗin umarni, da mahaɗar rumbu ta hanyar `utf8mb4`, da kan shafi ta hanyar `<meta charset="utf-8">`.

Bayan wannan, tsofaffin 'yan aiken PHP bayit suke ƙirgawa. `strlen("ɗanɗano")` yana ba da 9, alhali haruffan 7 ne. `Mb_strlen` ne yake ba da 7. Illar tana fitowa ne wajen taƙaita tsakure a shafin farko na mujalla. Idan aka yanka kalmar Waƙoƙin da `substr` a kan bayit na uku, za a sami Wa da rabin ƙ, wanda ba harafi ba ne a tsarin UTF-8. Idan kuma aka miƙa wannan guntu ga `htmlspecialchars` ba tare da `ENT_SUBSTITUTE` ba, abin da zai dawo da shi jere ne marar komai. Ta haka tsakuren wata maƙala yakan ɓace ɗungurungum yayin da na maƙwabciyarta yake nan, kuma bambancinsu kawai shi ne inda wuƙa ta faɗa. `mb_substr` ba ya raba harafi biyu.

Haka abin yake wajen manyan haruffa. `strtoupper("ƙasar hausa")` yana ba da ƙASAR HAUSA, `mb_strtoupper` kuma ƘASAR HAUSA. `ucfirst` ba ya iya ɗaga ɗ ko ƙ a farkon jumla, kuma takwaransa `mb_ucfirst` bai shigo ba sai a PHP 8.4 ta shekarar 2024. `ucwords` kuwa idan ya sami 'yan taru zai ba da 'yan Taru, domin abin da ya tarar a farkon kalma alhamza ce. Abin da ya fi aminci shi ne a bar take yadda edita ya tsara manyan haruffansa.

4.3 Alamomin Karin Sauti da Tsawon Wasali

Maƙalun ilimin harshe suna da ƙarin buƙata. A tsarin da Paul Newman ya bi a nahawunsa na shekarar 2000, ana nuna dogon wasali da sanda a sama, karin ƙasa da karkatacciyar alama, ana kuma bambance r̃ da r. Wasali mai ɗauke da alamomi biyu, kamar ā̀, ba shi da lamba guda a Unikod. Harafi ne da aka ɗora wa alama ta biyu. Haka ma r̃. A ɗauki kalmar bā̀ƙī, jam'in baƙo, wadda alamomin ne suke raba ta da baƙī na launi. `strlen` zai ƙirga 9, `mb_strlen` ya ƙirga 5, `grapheme_strlen` kaɗai zai ba da 4 da ido yake gani. Ke nan ko `mb_substr` yana iya yanke alamar karin sauti ya bar wasalin, ya sauya misalin da marubuci ya gina hujjarsa a kai. A irin wannan rubutu `grapheme_substr` ya kamata a yi amfani da shi.

4.4 Ajami

Jerin rubuce-rubucen Sakkwato yakan buƙaci take a ajami da boko a layi guda, tare da shekara da lambar ajiya. Ajami yana tafiya daga dama zuwa hagu, boko daga hagu zuwa dama, lambobi da baka da waƙafi kuma suna bin wanda suka fi kusa da shi bisa ƙa'idar Unikod. Idan aka jona su tsirara, shekara takan koma gefen da ba nata ba, baka ta juya baya. Magani shi ne a killace ajamin a lokacin haɗi:

```
echo '<span lang="ha-Arab" dir="rtl">' . kare($ajami) . '</span> ' . kare($boko);
```

Siffar `dir` tana tsayar da alkibla, `ha-Arab` kuma tana sanar da cewa Hausa ce a haruffan Larabci, domin kada na'ura ta ɗauke ta Larabci. Unikod 13.0 na shekarar 2020 ya ƙara wasu haruffa domin ajamin Hausa da Wolof, saboda haka wajibi ne a tabbatar cewa salon harafin da shafi yake amfani da shi yana ɗauke da su.

5.0 Sakamakon Nazari da Shawarwari

Nazarin ya nuna cewa kowace alamar ɓaci tana nuni zuwa ga dalili takamaimai. Take a wajen gurbinsa yana nufin an sa mai shela a cikin haɗi. Take da ya yanke a kan alhamza yana nufin ba a kare rubutu ba. Lambar `&#039;` a fili tana nufin an kare shi sau biyu. Æ™ da É— suna nufin an karanta UTF-8 da tsohon tsari. Tsakuren da ya ɓace ko ya ƙare da baƙar alama mai tambaya yana nufin an yanka harafi biyu.

Bisa wannan, ana ba da shawarar cewa kafin sashe ko cibiya ta karɓi kafa daga hannun wanda ya gina ta, edita ya shigar da maƙalar gwaji mai ɗauke da waɗannan: take mai alhamza a farko da tsakiya, sunan marubuci irin Mu'azu Haɗeja, tsakure mai yawan ƙ da ɗ da ɓ, kalma mai alamar karin sauti, da layi ɗaya na ajami haɗe da shekara. Sannan ya duba su a shafin farko, da shafin maƙala, da sakamakon bincike, ya kuma buɗe asalin shafi ta danna Ctrl da U ya karanta abin da ke gaban `citation_title`. Wannan gwaji ba ya buƙatar sanin PHP, kuma ba ya cin rabin sa'a. Ya kamata kuma a sanya shi a cikin yarjejeniyar aiki, a maimaita shi duk lokacin da aka sabunta manhaja, tunda an ga cewa halayen PHP suna sauyawa daga zubi zuwa zubi.

Har ila yau, akwai buƙatar masana harshe su zauna da takwarorinsu na kimiyyar kwamfuta domin daidaita kalmomin wannan fanni. Ɗan aike da mazubi da jere da aka yi amfani da su a nan shawara ce da take jiran tacewa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi taken maƙala daga rumbun bayanai zuwa idon mai karatu, ta tsaya a wurin da ake haɗa shi da alamomin shafi. An ga cewa ɗan aiken da yake dawowa da amsa shi ne yake ba da damar sanya rubutu a gurbinsa da kare shi, kuma alhamza da haruffa masu lanƙwasa da alamomin karin sauti da ajami kowanne yana da abin da yake buƙata a wannan wuri. Ƙa'idojin rubutun Hausa sun ɗauki shekaru ana daidaita su, daga dokokin Hanns Vischer na 1912 zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. A da mai ɗab'i ne yake riƙe da amanar aiwatar da su. A mujallar intanet amanar ta koma kan layin umarnin da yake haɗa take da alama, saboda haka duba wannan layi ya shiga cikin aikin edita kamar yadda duba gwajin ɗab'i yake a cikinsa.